Ninki na Shida

"Ninki na nawa ke nan?" Shamim ta tambayi mijinta daga bakin ƙofa.

"Na huɗu," in ji Barkat, ko ɗagowa bai yi ba.

"To ka gasa mana, Baban Javed! Likita ya ce maƙwabcin namu ba zai ga magariba ba, kai kana nan kana ƙirge."

Barkat ya naɗe kwaɓin a tsumma, ya ɗora a kan ƙatuwar ƙanƙarar da ya sayo da asuba. Tun hantsi aka ɗauke wuta a Multan, gari kamar bakin tanderu. Ita kuwa bakarkhani, gurasar da yake gasawa, ba ta shiri da zafi. Man shanun da ke tsakanin fulawar na narkewa, ta ƙi tashi falle-falle. Sai an murza, an ninke, ta huta a kan sanyi, har sau shida.

Shekara talatin da ɗaya, kullum la'asar, maƙwabcinsa Tufail tela na zuwa shan shayi a bencin ƙofar gida. Ya fasa bakarkhani, ya leƙa cikinta, ya ce, "Ustad, wannan ai tafin takalmi ne." Sannan ya cinye uku. Yau da safe ya buɗe ido da ƙyar, ya ce wa 'yarsa Shagufta, "Ki ce wa wancan mayaudarin ya yi mini ta gaske kafin in tafi."

Ana cikin na biyar Shagufta ta leƙo ta saman katanga. "Chacha," ta ce, wato baffa, "numfashinsa ya sauya. Ko ɗanye ne ka kawo, ya dai gani."

"'Yata, ki ce masa ya jira. Ni na jira wandona wata uku a hannunsa."

Ta yi dariya, dariyar ta karye, ta sauka.

Shamim ta ce, "Wanda ruwa ma sai da cokali, shi zai gane biyar da shida?"

"Zai gane."

"Kai dai za ka gane."

Barkat ya ci gaba da murzawa. Gumi na shiga masa ido. Ya ninke na shida, ya ɗora a kan ƙanƙara, ya zuba wa agogo ido. Saura minti goma kuka ya tashi a bayan katanga.

Bai motsa ba har Shagufta ta shigo, babu takalmi a ƙafarta.

"Chacha, yayana sai gobe jirgin ƙasansu zai iso daga Karachi. Gawar Baba ba za ta kai gobe a zafin nan ba, mai ƙanƙara kuma ya ce ta ƙare." Idonta na kan ƙanƙarar Barkat da ke ɗiga.

Barkat ya ɗauke kwaɓin ya ajiye gefe. Shi da kansa ya rungumi ƙanƙarar ya tsallaka da ita, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Da ya dawo ya yanka kwaɓin, ya barbaɗa sukari, ya gasa. Ta tashi yatsa uku, abin da ba ta taɓa yi masa a watan zafi ba. Gidan rasuwa ba a hura wuta, don haka Shamim ta ɗauki farantin da tukunyar shayi ta kai wa masu gaisuwa.

Guda ɗaya ya rage. Da la'asar Barkat ya fito da ita, ya fasa, ya ajiye a ɗaya gefen bencin, inda Tufail ke zama, cikinta na kallon sama. Iska mai zafi ta riƙa ɗauke fallen ɗaya bayan ɗaya.