Tagar Yahaya Mai Niƙa

A kan amalanken jaki aka kawo Yahaya mai niƙa gida, rana tsaka, kaji na biye da shi.

Magagi yana zaune a gindin dogon yaro a ƙofar gidansa, kuma kajin ya fara gani kafin ya ga mutumin da ke kwance. Kajin unguwar nan ta bayan kasuwar Filinge sun san Yahaya fiye da yadda suka san masu su. Kullum da la'asar sakaliya yakan taso daga ɗakin niƙa fari fat, tun daga gira har yatsun ƙafa, gari na zuba daga rigarsa, su kuwa suna biye suna tsattsaga. Katangarsa ɗaya da tsoho Magagi, saboda haka a ƙofar tsohon yake tsayawa ya kaɗe rigar, ya ce kajin Baba ma su taɓa albashi.

Yau sun biyo shi ba a lokacinsu ba.

"Gaban inji yah hwaɗi," in ji mai amalanke. "Tari yas sarƙe shi. Mun biya wajen likita, an ba shi magani, an ce kada shi sake shiga ƙurar nan."

Rakiya, matar Yahaya, ta fito da gudu, ɗankwali a hannu. Magagi ya miƙe ya kama musu.

Shi ne ya kai Yahaya aikin nan. Shekarar da gero ya ƙi a ƙauyukan wajen Bonkuku, Yahaya ya shigo gari da matarsa da tabarma da tukunya, ya sauka kusa da shi. Magagi ya ga mutum ne mai kunya da ƙarfin hannu, sai ya kama hannunsa ya kai shi wurin Alhaji Nafi'u mai injin niƙa, abokin kaciyar shi Magagin. Alhaji ya dubi Yahaya sama da ƙasa, sannan ya juya ga Magagi.

"Kai ka kawo shi, kai ne bakinai. Ni ban son ma'aikaci shi tsaya gabana shina min ƙorahi. In da magana, ta biyo ta wajenka."

Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Haka ake yi: wanda ya kawo ka shi ke maka magana. Har Magagi ya ji daɗi a ransa, an maishe shi bakin mutum.

Ɗakin niƙan tsohon shago ne na laka, rufin kwano, ƙofa ɗaya, ba taga. Bututun hayaƙin injin ya tsage tun kafin zuwan Yahaya, hayaƙin gazuwal, man da injin ke sha, yana fita a ciki ya haɗu da ƙurar gari. Mata sukan ajiye ƙwaryarsu a bakin ƙofa su koma inuwa, don ba mai iya tsayawa ciki. Ladan aikin kuwa, bai kai ya kawo ba. Ranar da inji ya lalace babu biya. In igiyar robar da ke juya shi ta tsinke, daga ladan mai niƙa ake cirewa. Ƙarar injin ta cinye kunnen Yahaya sannu sannu, kamar yadda gara ke cin azara, har ta kai sai an yi masa ihu yake ji, shi ma da ihu yake magana. Gaisuwarsa ta safe tana tayar da zabi.

Bai nemi ƙarin lada ba. Wata rana da yamma ya kaɗe rigarsa, ya yi tari mai tsawo, ya tofar da baƙar majina, ya ce:

"Baba! Ka ce ma Alhaji taga guda nika so! Ko kamar hwaihwai! Iska ta shiga, hayaƙi shi hita!"

Magagi ya tafi kuwa. Ya tafi yana shirya maganar a hanya, yana gyara ta, yana sa mata karin magana a gaba don ta yi taushi. Amma zauren Alhaji wuri ne mai sanyi. Akwai shayi, akwai goro, da Sallah akwai yadi, in damina ta yi tsanani akan aiko masa da ɗan gero. Alhaji kuma mutum ne mai saurin ɗaure fuska, Magagi ya ga waɗanda aka daina shimfiɗa musu tabarma. Maganar ta hau har maƙogwaro, sai aka miƙo shayi, ya haɗiye su tare.

Da ya komo ya tarar da Yahaya a ƙofa.

"Baba! Ka hwaɗa mai?"

Bayani da ihu abu ne mai wuya. Gyaɗa kai kuwa ba ya buƙatar murya. Magagi ya gyaɗa kai.

"Mi yac ce?"

"Bayan damina!"

Damina ta wuce, aka ce bayan Sallah. Sallah ta wuce, aka ce sai magini ya komo daga Baleyara. Ƙaryar ta yi ta yaɗo kamar duma a kan danga, kowace shekara da sabon ɗa. Magagi ya sake zuwa zauren da niyya ba sau ɗaya ba. Wani lokaci ma har yakan yi mafarkin tagar, ya gan ta zagayayya, tsuntsaye na shiga suna fita. Ya farka ya ji kamar an riga an fasa ta.

Yanzu ga Yahaya kwance. Maganin likita ya ƙare, tarin bai ƙare ba. Ta katanga Magagi yake jin sa, kamar ana jan buhun tsakuwa. Ya yi ta aika fura, ya yi ta tsayawa a tsakar gida yana tambayar jiki, amma bai shiga ɗakin ba, har ranar da Rakiya ta leƙo ta saman katanga.

"Baba, shina kiranka."

Bayan azahar ne, gidan cike da masu dubiya. Mata na zaune a inuwar rumfa, maza biyu uku a kan tabarma kusa da randa. Magagi ya sunkuya ya shiga. Yahaya ya rame, kuma abin da ya ba tsohon mamaki, ya zama baƙi. Ashe baƙi ne wuluk. Ya daɗe bai ga ainihin launinsa ba. Muryar ihun nan ma ta tafi, sai wata 'yar siririya da ta rage.

"Baba, zamna kusa." Ya kama hannunsa. "Ka yi ƙoƙari. Ƙahwarka ta sha tahiya saboda ni. Wanda anka aika ba shi da laihi." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Alhaji kuwa, na yahe mai. In ka tahi, ka hwaɗa mai."

 Magagi ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali:

"Yahaya, ban hwaɗa mai ba. Ko sau guda. Alhaji bai san da maganar taga ba."

Yahaya ya zuba wa bakinsa ido.

"Mi kac ce, Baba?"

Magagi ya dubi ƙofa. Labule na motsi, ana jin ƙarar moɗa a randa, wata mata na ba da labarin tsadar albasa. In maganar nan za ta shiga kunnen Yahaya, sai ta shiga kunnen unguwa duka, kafin magariba kuma ta isa zauren Alhaji. Ya ja numfashi ya cika ƙirji. Ya buɗe baki.

"Nac ce Allah shi ƙara sauƙi!"

"Amin!" in ji mutanen waje gaba ɗaya.

Yahaya ya yi murmushi, ya matse hannunsa.

Ranar Alhamis ya cika, da hantsi, ana jiyo ƙarar injin daga nesa, don Alhaji ya riga ya sa wani, Kabiru, mutumin Tabla. Magagi ne maƙwabci na kusa, shi ya zuba ruwa wajen wanka. Da aka zo kai, ruwan da ya fito daga kunnuwa da tushen gashi fari ne, kamar tsarin gero. Ya bi shi da ido yana gangarawa ƙarƙashin zana har ƙasa ta shanye.

Alhaji Nafi'u ya zo gaisuwa da buhun gero a bayan mota. Ya zauna, aka yi fatiha, ya share fuska.

"Mutumen kirki," ya ce. "Tun da ya kama min aiki bai taɓa kawo ƙara ba. Ga Magagi nan, shi ne shaida. Ko ba haka ba?"

Magagi ya gyaɗa kai. Wuyan ya saba.

Da mutane suka watse, yana tattara tabarmi, sai ya ji muryar Rakiya ta bayan zana inda take zaman takaba.

"Baba."

"Na'am, ɗiyata."

"Shi ne kurma. Ni ba kurma ba ce. Ina bakin labule ran nan."

Tabarmar ta suɓuce daga hannunsa ta warware a ƙasa.

"Ban hwaɗa mai ba," ta ce. "Gara da yat tahi da kai hwari cikin zuciyatai. Ba don kai niy yi ba."

Magagi ya sunkuya ya ɗauki tabarmar.

"Akwai wani cikin ɗakin nan yanzu," in ji Rakiya. "An ce shi ma da mata."

 Ya ji ta ja ƙwarya kusa, ta ci gaba da tsintar wake.

Washegari ya shiga zauren Alhaji bai shirya komai a hanya ba. Aka miƙo shayi, ya ce ya gode, bai karɓa ba. Ya ce ɗakin niƙa yana son taga. Ya ce Yahaya ya roƙa tun da daɗewa, shi ne bai isar ba. Ya ce kuma Yahaya ya ce ya yafe. Maganar duka ba ta kai tsawon shan kofi ɗaya ba.

Alhaji ya ɗaure fuska.

"Ya yahe min? Mi niy yi mai?" Ya jima yana jan casbi. "Taga. A kan taga kaka tsaye kamar ɗan sanda? A hwasa. Amma wunin da inji yat tsaya, ba ni biyan wancan na Tabla."

Ba a ce masa ya zauna ba, shi ma bai zauna ba.

Magini ya gama aikin kafin azahar. Laka ce tsohuwa, da kanta take zubewa. Tagar ta fito ba zagayayya ba, ba mai kusurwa ba, ta ɗan fi faifai kaɗan. Kabiru ya leƙo ta ciki, gira fara fat, ya yi wa Magagi wata magana da ƙarfi wadda bai kama ba, sannan ya koma ya tayar da inji.

Da la'asar sakaliya kaji suka taru a ƙofar Magagi kamar kullum. Suka tsaya suna karkata kai, suna duban hanya. Da ba wanda ya zo, sai Magagi ya tashi ya nufi bayan ɗakin niƙa, wasu suka bi shi. Ya zauna a kan ɓaraguzan lakar da aka fasa. Rana ta yi ƙasa, tana bugun bangon a kaikaice, gari na fitowa ta tagar a hankali, baƙin hayaƙi na bi ta samansa. Garin yana sauka a kan kajin, yana sauka a kan hular Magagi da kafaɗunsa, bai kaɗe ba.