Auduga a Haƙarƙarin Malam Yakuba

Malam Yakuba na cire babbar riga sai ya ga wanda aka kira ya yi tafinta: Issoufou, mijin 'yarsa Balki, cikin farar rigar ma'aikatan gidan likita. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige.

Tun kafin a sauke tutar Faransa yake sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Bara ƙuraje suka feso masa a haƙarƙari, suka warke, suka bar masa wuta a ƙarƙashin fata. Yanzu ko riga ta goge wurin sai ya ga duhu. Mai yadin da ba ya iya sa tufa, ina zai zauna a kasuwa? Rumfarsa a rufe take, har an fara tambayar ko ta sayarwa ce.

Lokotoron, wato likitan da zai duba shi, sabon dawowa ne daga Dakar, ba ya jin Hausa. Ya yi magana, Issoufou ya sunkuyar da kai.

"Baba, wai yaya kuke jin jikin?"

"Da sauƙi," in ji Malam Yakuba. Me dattijo zai ce, tsirara rabi, a gaban surukinsa?

Lokotoro ya tsira masa allura a kan tabon. Bai ji komai ba, kamar icce aka soka. Sai lokotoro ya ɗauko 'yar auduga ya shafa wurin a hankali. Malam Yakuba ya ji kamar an zuba masa tafasasshen mai. Ya danne haƙora, ya kafe ido ga bango, ko gezau bai yi ba. Auduga fa! Abin da jarirai ke kwana a kai.

"Ya ce fatar ta warke, Baba. Ba abin da ya gani. Kuna iya tafiya."

Malam Yakuba ya mayar da rigar, ta sauka a kan haƙarƙarin, gumi ya keto masa. Ya kai bakin ƙofa, ya tuna rumfa, ya tuna wata ranar zama a ɗaki ba riga. Ya tsaya bai juyo ba. Muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Gaya masa allurar ban ji ta ba. Audugar ce ke kashe ni."

Lokotoro na jin fassarar ya miƙe da sauri, ya ce jijiya ce, a sake cire rigar.

Issoufou ya ja kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango.

"Ku faɗi duka, Baba," ya ce. "Ni kunne kawai na zo da shi."