Kifin da Guizhi Ta Sa Wa Azumi

"Ɗauke shi," in ji tsoho Kuang, ya ture kwanon da bayan hannu. "Na tafki ne. Tun daga bakin ƙofa na jiyo warin laka."

Guizhi maƙwabciyarsa ta tare kwanon kafin romon ya zube a bargo. Ta saba da bakinsa. Tun tana amarya take jin yana kushe kifin tafki, ita kuwa da kiwonsa ta rayu, ta aurar da 'ya'ya. Amma yau maganar ta sosa mata rai, don tun da asibiti suka ce a mayar da shi gida bai sa komai a cikinsa ba sai ruwan ɗumi.

"Baba, ko cokali ɗaya," in ji 'yarsa Chunyan, wadda ta baro aikinta a birnin Shenzhen ta zo jinya.

"Ki sha ke. Ku 'yan birni ko takalmi aka dafa muku da citta, cewa za ku yi kifi ne."

Kifin kogi yake so, kuma babu shi. Kuang a cikin jirgin ruwa aka haife shi, a kan kogin Yangtze ya tsufa, yana kallon taru na fitowa da abin da bai kai a kira shi kamu ba, har gwamnati ta hana kamun kifi don kogin ya farfaɗo. Da hannunsa ya miƙa jirginsa aka farfasa. Yanzu kasuwa cike take da kifi fiye da kowane zamani, ga araha, amma duk na tafki ne, masu cin abincin buhu.

A tsakar gida Fugen, mijin Guizhi, ya rage murya. "Na san wani lungu a bayan gada. In jefa taru sau ɗaya kawai, wa zai gani?"

Ashe kunnen tsohon bai tsufa ba. "Fugen," ya kira daga ɗaki, "duk wanda ya jiƙa taru a kogin nan saboda ni, kar ya zo jana'izata. Mun cinye na 'ya'yanmu, a bar na jikoki."

Guizhi ta kasa haƙura. Shekarar da aka raba wa gidaje tafkuna, ita da Fugen ramin ruwa kawai suke da shi, ba su da irin da za su zuba. Kuang ne ya yi ta fita da bazara yana tace 'ya'yan kifi daga kogi, ƙanana kamar allura, yana kawo musu a bokiti, yana zaginsu da manoman kwaɗi. Ko shayi bai taɓa tsayawa ya sha ba. Duk abin da ke gidanta daga bokitin nan ya fito, ba ta kuma taɓa samun hanyar gode masa ba, don mutum ne da godiya ke ba shi haushi.

Washegari ta zaɓi kifi ɗaya lafiyayye, ta sa shi a kejin gora, ta nutsa kejin a rafin da ke gangarowa daga dutsen bayan ƙauye. Haka masu kiwo ke yi in suna son fitar da laka daga jikin kifi: ruwa mai gudu, ba abinci ko ƙwaya, sai kitsen ya narke naman ya ɗaure. Matsalar ita ce abin yana cin makonni, tsohon kuwa kullum ƙara shigewa cikin bargo yake.

Kowace safiya sai ta leƙa ɗakin Kuang, sannan ta hau rafi.

"Majinyata biyu gare ki," in ji Fugen, "kuma duk ba mai ci. Bari mu ga wa zai riga wani."

"Bakinka ya sari dutse. Je ka ba tafki abinci."

Wata safiya ta tarar Chunyan na goge wa Kuang leɓe da auduga, idonsa ya faɗa ciki. Guizhi ta juya ta nufi rafi da sauri. Kifin bai gama azuminsa ba, amma ya rame, bayansa ya yi duhu, da ta kama shi ya make ta da wutsiya har ruwa ya shiga idonta. Ta turara shi sukutum da citta da albasa mai lawashi, ta kai a faranti.

Aka tayar da Kuang aka jingina shi. Ya daɗe yana shinshinawa. Guizhi ta ciro naman kumatu da tsinken cin abinci ta sa masa a baki.

"Na tafki ne," ya ce.

"Na tafki ne, Kawu. Amma kakanninsa a bokitinka suka zo."

Ya tauna a hankali, ya haɗiye. "To shi ya sa ya yi hankali. Ƙaro."

Ya ci har ƙashin baya ya bayyana. Chunyan, da murna ta ɗebe ta, ta sa tsinke za ta juya kifin don a kai ga ɗaya ɓarin. Guizhi ta riƙe mata hannu. A gidan masunci ba a kife kifi a faranti, don wanda ya kife shi jirgi ya kife. Yarinyar ta daɗe a birni, ta manta.

"Ai babu jirgin yanzu, Yaya," in ji Chunyan a kunyace.

"Akwai sauran tsallake ɗaya a gabana," in ji tsohon. "Kar ki kifar da ni a tsakiya."

Guizhi ta ɗage ƙashin daga wutsiya zuwa kai, yadda ake yi, naman ƙasa ya fito fari. Ya ƙara loma biyu, ya dube ta. "Manomiyar kwaɗi, kin iya." Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta hau gyara masa bargo.

Bai sake cin komai ba. Ya cika da hantsi bayan 'yan kwanaki, Chunyan na riƙe da hannunsa.

Da aka gama zaman makoki Guizhi ta hau rafi ɗauko kejinta. Ta same shi a buɗe yadda ta bar shi, wasu ƙananan kifaye na shiga suna fita ta tsakanin gorar. Ta tsuguna tana kallonsu har ƙafarta ta yi sanyi, sannan ta sauko hannu wofi.