Tankin da Mata Suka Cika

Taiba tana kan tsani tana juye tulu cikin tanki aka fara jin gangar isowar baƙo daga hanyar Maradun. Ta miƙa wa maƙwabciyarta Saude tulun, ta sauko.

Tun da aka datse gulbi a Bakolori rijiyoyin ƙauyensu suka ja baya, kowa ya koma shan tafki. A nan Falalu, mijin Taiba, ya kwaso kurkunu, ga shi kwance ƙafa a kumbure. Shi ya sa ba ta taɓa bai wa 'yarsu Husaina ruwa sai ta tace da ƙyalle.

Bana masu kwangila suka haƙa burtsatse, suka ɗora tanki, suka shafa masa fenti mai kyau, suka tafi. Komai ya cika, ruwa kaɗai ne babu. Da labari ya zo cewa babban baƙo zai zo buɗewa, Maigari Labaran ya tara mata.

"Mutum ya taho tun daga Sakkwato, a ce ko ruwan sha ba mu ba shi ba? Mi za a ce da garin ga?"

Aka cika tankin daga tafki, kuma ya sa kowace ta rantse ba za ta faɗa ba, ko ga mijinta.

Baƙo ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka rangaɗa guɗa. Ya kai kofi kusa da leɓe, ya yaba garɗinsa, ya miƙa wa direba. Sannan ya ce tunda an sami ruwa mai tsabta, daga yau an hana shan tafki, har ya bar ɗan sanda ya tsare bakinsa.

Kafin la'asar tanki ya ƙafe. Maigari ya je ya daidaita da ɗan sandan, wanda ya ce shi sha aka ce ya hana, ba ruwansa da ɗiba. Mata suka koma tafki, suka hau tsani suka juye, suka sauko suka bi layi a bakin famfo don su tari abin da suka zuba. Saude har cewa take wallahi ya fi sanyi.

Taiba ta kai tulunta gida, ta zaga neman ƙyallen tacewa. Falalu ya ce ya ɗaure ƙafarsa da shi, ai an wuce zamanin tace ruwa. Tana juyowa ta ga ya cika ƙwarya yana miƙa wa Husaina.

"Sha, 'yar baba. Wanga na gwamnati ne, ba ya da ƙwari."

Tsoro ya kama ta, ga rantsuwa ta ɗaure mata baki. Ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta ture ƙwaryar, ta haɗa da tulun duka. Falalu ya yi ta faɗan an yi ɓarnar ruwa mai daraja.

Ta ba shi haƙuri. Ta yage bakin zaninta ta soke a ƙugu, ta ɗauki tulu ta nufi tafki.