Ƙodar Yaya Kubra

A gidanmu na Gwaram mace ba ta faɗin cikin fari da bakinta. Manya ne ke ganewa. Su ga kin ture tuwo kina neman tsamiya, su yi murmushi su kama bakinsu. Haka na taso na gani, ni kuma dama ba mai magana ba ce.

Shekara guda da kawo ni Birnin Kudu ƙodojina suka daina aiki. Wata goma sha huɗu ana yi min wankin ƙoda, har al'adata ta ɗauke, na cire rai da haihuwa. Yayata Kubra ce ta ba ni ƙodarta ɗaya, tana da yara uku a lokacin, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Rana ɗaya aka yi mana aikin a Kano.

Da za a sallame mu, likita ya zaunar da ni da maigidana, Malam Safiyanu. Ya ce jikina zai ga ƙodar baƙuwa ce ya yaƙe ta, magungunan da zan riƙa sha safe da yamma su ne ke hana shi, kada in tsallake ko sau ɗaya. Ya ɗaga wata doguwar ƙwaya ya ce wannan tana ɓata ciki, kuma haihuwa takan dawo bayan dashe. In muna son ɗa mu dakata tukuna, sannan mu zo mu faɗa tun kafin a samu, ya canja ta da wata. Kaina na ƙasa ina murza bakin mayafina, amma na ji duka.

Lafiya ta samu. Na koma girki, na koma kiwon awakina. Wata goma sha biyar bayan aikin, a farkon damina, na yi ɓatan wata. Na biyu ma ya wuce shiru.

Sau uku ina shiga wajen Malam da niyyar faɗa, sai in ajiye masa ruwa in fito. Surukata tana Kangire, Inna tana Gwaram, babu babbar mace a gidan da za ta gane ta ɗauke min nauyin. Sai na yanke wa kaina shawara: na daina shan doguwar ƙwayar, na ci gaba da sauran. Kullum in ɓallo ta daga takardarta don kada Malam ya lura, in jefa cikin wata samira a jeren kwanukana.

Na yi sati uku a haka, Yaya Kubra ta zo kasuwa ta biyo ta gaishe ni. Muna zaune a tabarma tana ba ni labarin gida, sai idonta ya sauka a kan ƙafata. Ta sa babban yatsa ta danna ƙwaurina. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Ta san wannan alamar, ita ta yi jinyata. Ta tambaye ni fitsari, na ce ya ɗan ragu. Ta tambaye ni magani, na ce ina sha.

Ta tashi neman kwanon da za ta juye min daddawar da ta kawo. Hannunta bai sauka a kan komai ba sai wannan samirar.

Ta ɗaga murfin, ta ga ƙwayoyin da na tara a ciki. Da ta juyo ta kira sunana, ba ta ɗaga murya ba.

"Nasiha, wata nawa?"

Na ɗaga yatsu biyu, na ƙara rabi da ɗayan hannun.

"Kunyar wa kike ji? Tawa?" Ta ɗage gefen rigarta ta nuna min tabon ɗinkin. "Ni an tuɓe ni gaban maza shida saboda ke, ban mutu ba. Ba ni da wata ƙodar da zan sake ba ki. Ɗauko mayafinki."

Ita ta aika aka kira Malam daga gona, ita ta gaya masa, ita ta yi wa likita bayani a Kano. Gwajin jini ya nuna jikina ya fara yaƙar ƙodar. Aka kwantar da ni ana sa min magani ta jijiya. A rana ta huɗu cikin ya zube. Likita ya ce watannin farko da na yi ina shan ƙwayar na iya zama dalili, amma ba zai yanke ba, Allah ne masani. Ƙodar ta farfaɗo, sai dai ba ta koma daidai yadda take ba.

Yaya Kubra ba ta sake tayar da maganar ba. Ta wanke samirar ta zuba min daddawa a ciki.

An yi damina biyu. Watan jiya muka koma ganin likita, ya duba takardu ya ce ƙodar ta tsaya da kyau, hawan jini ma babu. Ya tambaya ko akwai wani abu. Malam ya fara tattara takardun zai miƙe. Na dafa gefen cikina na dama inda ƙodar take.

"Likita," na ce, "ina so a canja min doguwar ƙwayar. Muna son haihuwa."

Malam ya koma ya zauna. Likita ya jawo biro.