Ajin da Ya Juya wa Allo Baya

Tawadar zaɓe ba ta gama fita daga farcen Maman Tsigi ba aka buɗe makarantu. Duk sanda ta sa hannu a wanke-wanke sai ta dubi baƙin nan a babban yatsanta, yana matsawa bakin farce a hankali, ta ce a ranta da ma haka abin da ke cikin zukatan mutane yake fita.

A makarantar gwamnati ta unguwarsu aka jefa ƙuri'a, a cikin ajin 'yarta ma. A nan aka ƙirga, a nan kuma aka ba hammata iska. Mijinta kafinta ne, mutum mai sanyi a gida, amma ran nan zuciya ta ɗebe shi, ya ɓalle ƙafar benci ya fasa wa wani direban bas goshi. Ɓangaren direban suka ci, ɓangaren kafinta suka faɗi. Direban nan kuwa ƙanin Malama ne, ciki ɗaya, Malamar ajin Tsigi.

Ita Tsigi, da ake kira haka saboda ƙanƙantarta, kunnenta na hagu ba ya ji tun wani zazzaɓi da ta yi tana goye. An daɗe ana cewa taurin kai ne da ita. Malama ce ta gane, ta ɗauko ta daga tsakiyar aji ta sa ta a bencin gaba, gefen taga, inda kunnen dama zai fuskanci mai magana. Daga nan bakin yarinya ya buɗe, har ta fara karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Uwar, wadda aji uku ta tsaya, takan saki tsintsiya ta tsaya tana kallonta.

Kwana kaɗan da komawa makaranta, maƙwabciyarsu da ake kira Rediyo ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu.

“Maman Tsigi, kina nan kina tankaɗe, an gama da ke! Na wuce ta makaranta na leƙa. 'Yarki na can ƙurya, jikin bangon baya, kamar tsohon buhu.”

“Anya, Yaya? Kin duba da kyau?”

“Ido biyu Allah ya ba ni, ba aro na yi ba. Jini ai ya fi ruwa kauri. Wa zai fasa wa ƙaninki kai ki ajiye 'yarsa a gaba?”

Da yamma kafinta ya dawo, maganar ta riga shi zuwa gida. Ya kira Tsigi, ya sunkuya wajen kunnenta mai ji.

“An ɗaga ki daga wurinki?”

“Eh, Baba.”

“Ina aka kai ki?”

“Can wajen bango. Ai Malama ce ta...”

“Ya isa!” Ya buga cinya har yarinyar ta zabura ta haɗiye sauran maganar. “Gwamnati tasu, makaranta tasu, malamai nasu. Daga gobe ba ta sake taka wurin nan.”

Maman Tsigi ba mai musu da miji ba ce, ko da mai kayan miya ba ta iya ja. Amma ta tuna ranar da ita ma aka ce ta zauna a gida na ɗan lokaci, ɗan lokacin da har yau bai ƙare ba. Kanta a ƙasa ta ce, “Baban Tsigi, ka bar ni in je in gani da idona. In haka ne, da hannuna zan dawo da ita.”

Ya dube ta, dariya na neman ƙwace masa. “Ke? Ke da in an taka miki ƙafa ke ce mai ba da haƙuri?”

“Ni ɗin.”

Washegari Tsigi ta shige gaba da jakarta, uwar ta ɗan ba ta rata sannan ta bi. Layin duk ya canza. Hotunan 'yan takara a yage jikin katanga, wani saura ido ɗaya, wani saura hula. Mai shagon kan kwana, da ya saba tsokanar Tsigi yana ce mata amaryarsa, ya duƙa yana gyaran kwalin da ba abin da ya same shi har suka wuce.

A ƙofar makaranta ta ja ta tsaya. Ba ta iya shiga ta ƙofar aji ba, sai ta zagaya ta raɓe jikin taga, wurin da ta san bencin 'yarta yake. Babu Tsigi a wurin. Sai kuma ta lura ƙeyoyin yara take gani, ba fuskokinsu ba.

Ta kai ido ga allo. An cika shi da farin fenti, manyan lambobi biyu, ɗaya bisa ɗaya, adadin ƙuri'un ranar nan. A ƙasa akwai rubutu. Ta haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi: WANDA YA FAƊI YA KWASHE 'YA'YANSA. Duk jikin rubutun alamar gurza ce, an kankare har katakon ya fito, fentin ya ƙi tashi.

Ajin gaba ɗaya ya juya wa allon nan baya. An juya bencina, an juya teburin Malama. A bangon baya an shafa baƙin fenti, faɗinsa bai daidaita ba, ya zubo layi-layi zuwa ƙasa, da gani ba aikin mai sana'a ba ne. Malama na tsaye a gabansa da alli. Dab da ita, a ƙuryar da Rediyo ta gani, Tsigi ce zaune a bencin farko, kunnen dama yana fuskantar bakin Malama.

Bencina ba su isa ba, don an karya wasu ran faɗan, an jingine su a gefe. Yara da dama na zaune a siminti. Cikinsu ta gane wani mai faffaɗan goshi irin na ubansa: ɗan direban, ɗan ƙanin Malama, ya miƙe ƙafa a ƙasa, littafi a cinya.

Malama ta nuna rubutu, Tsigi ta miƙe ta karanta da 'yar muryarta, ajin ya amsa baki ɗaya. Maman Tsigi ta san iyayen kusan kowane yaro a ɗakin nan. Ta san waɗanda suka daina gaisawa, da waɗanda suka daina zuwa ɗiban ruwa gidan juna. Ga 'ya'yansu nan murya ta haɗu ta zama ɗaya, har tagar da ta dafa tana rawa. Ta ce, “Ikon Allah,” a hankali, ta sake cewa, “Ikon Allah.”

Malama ta hango ta, ta ɗaga murya. “Maman Tsigi, mai leƙe ba ya cin jarrabawa. Zagayo mana.”

Kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zagayo, suka tsaya a baranda. Ta ɗan rusuna, ta fara, “Malama, abin da ya faru ran nan, wallahi mu...”

“Goshin? Ya warke. Wannan tun yana yaro kansa ya fi turmi tauri.” Malama ta karkaɗe allin hannunta. Ita ma da baƙin tawada a farcenta, ga kuma baƙin fenti har gwiwar hannu da bai gama fita ba. “Na sa ruwa, na sa kananzir, na sa wuƙa, rubutun nan ya ƙi. Ni kuwa ba zan tara 'ya'yan mutane su wuni suna kallonsa ba, yara masu koyon karatu, duk abin da suka gani sai sun haɗa. Na ce to, tunda allo ya ƙi gyaruwa, mu mu juya.”

“Amma ɗan ƙaninki a ƙasa, ita kuwa...”

“Kunnensa biyu. Ko daga bakin titi zai ji ni.” Ta juya za ta koma, sai ta waiwayo. “Ki gai da kafinta. Ki ce masa ƙafar bencin da ya ara ran nan, muna nan muna jira.”

Ba gida ta nufa ba, shagon mijinta ta wuce, wurin da ba ta cika zuwa ba. Ta same shi yana goge katako, garin katako har gira. Ta faɗa masa komai, allo, bango, kunne. Rabonta da yin magana mai tsawo haka har ta manta.

Ya tsayar da aikin. “Ɗan direban a ƙasa?”

“A kan siminti.”

Da ta isar da saƙon ƙafar benci, ya kawar da kai yana sosa ƙeya. Can ya jawo wani guntun katako daga ƙarƙashin tebur, ya ɗaga shi ya rufe ido ɗaya yana duba miƙewarsa.

“Sai an tashi daga makaranta zan je. Ba zan shiga yara su zuba min ido ba.”

“Tsigi fa? In je in ɗauko ta?”

“Ke da kika kai ta, ni kike tambaya?” Ya ɗauki zarto. “Matsa daga nan, kar ƙura ta shiga miki ido.”