Ranar da Aka Haska Jirgin Athol

Tun da aka fara tallar sababbin shirye-shiryen kaka, Noelene Pybus ta daina kunna talabijin in za ta ci abinci. Akwai na 'yan sanda, akwai na gasar girki, akwai na wasu likitoci da soyayya ta hana su duba marasa lafiya. Sai kuma wanda aka fi maimaitawa, Ruwan Kudu: jirgin kamun kifi yana barin gaɓa, sama ta yi baƙi ƙirin, sannan sunan wadda ta rubuta ya fito, Tamsin Pybus. 'Yarta ce, ita kaɗai ta haifa.

Duk garin Port Garrick an san jirgin wa ake nufi, ko da an canja masa suna da fenti. Shekara ashirin da wani abu ke nan da Athol, mijin Noelene, ya fita teku a ranar da rediyo ta yi gargaɗin guguwa, ranar da sauran masunta suka bar jiragensu a ɗaure. Ya tafi da mataimakinsa Wade, ɗan Des da Merle Rattray, saurayi ɗan shekara goma sha tara. Ruwa ya dawo da gawar Athol, aka binne shi a bayan coci. Wade kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Noelene tana wurin aiki a ma'ajiyar tuffa a safiyar, ba ta ga fitarsu ba. Abin da ta sani shi ne rediyonsu na kicin ya daɗe yana shaƙewa, kuma abin da ta riƙa faɗa wa duk wanda ya tambaya ke nan: Athol bai ji gargaɗin ba. Garin bai ƙaryata ta ba, bai kuma yarda ba. Idan ta haɗu da Merle a kanti sai su gyaɗa wa juna kai, kowace ta tura kwandonta gaba.

Ranar Lahadi za a fara nuna shirin a duk ƙasa. Amma Tamsin ta kafe wa masu gidan talabijin a kan sai mutanen garinsu sun fara gani, don haka aka sa ranar Asabar da rana a zauren taro.

"Mama, har yanzu da sauran lokaci," in ji Tamsin a kicin, tana jujjuya makullin mota. "Ki zauna mu kalla mu biyu kafin mu tafi. Na roƙe ki tun watan jiya."

"Na ce miki sau ɗaya zan iya kallonsa. Ba zan kalla sau biyu ba."

"Akwai abin da ya kamata ki gani ba a cikin mutane ba."

"In abin kunya ne, da ba ki rubuta ba. Ɗauko min farantin kek ɗin nan, kada ki karkata shi."

Tamsin ta ɗauki farantin.

Iska mai sanyi tana kaɗo busassun ganye har bakin zauren. An rufe tagogi da tsofaffin barguna saboda haske, an jera kujerun roba, kuma kusan duk an zauna. Bev, ƙawar Noelene tun makaranta, tana tsaye a bayan tukunyar shayi.

"Ga uwar tauraruwa," in ji ta. "Ni dai in akwai wata mai raba shayi a ciki, ina fata siririya suka ɗauko."

"Sun zo?" Noelene ta tambaya a hankali.

Bev ta daina dariya. Ta nuna da haɓa. Des Rattray yana layi na uku ya harɗe hannuwa a ƙirji, sanye da rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Merle tana gefensa, ta ɗora jaka a cinya ta riƙe da hannu biyu. Kujerar da aka ajiye wa Noelene tana layin gaba, daidai gabansu. Ta zauna, tana jin idon Des a ƙeyarta.

Wani dogon mutum daga Sydney, shugaban masu shirin, ya tashi ya gode wa garin saboda karamci, ya yi wani barkwanci a kan sanyin tsibirinsu Tasmania da ba wanda ya yi wa dariya. Tamsin ta ce kalma biyu. Aka kashe fitilu.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Mutane suka ga gadarsu da mashayarsu, wani ya hango motarsa ya faɗa da ƙarfi, aka yi dariya. Ɗan wasan da ya fito a matsayin Athol ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, Noelene har ta ɗan saki kafaɗunta. Sai saurayin da ya fito a matsayin Wade ya shigo, da hula a karkace, yana ta yin fito da baki, yana tsallake igiyoyin gaɓa. Zauren ya yi tsit. A bayanta Noelene ta ji maɓallin jakar Merle yana buɗewa yana rufewa.

Sannan aka nuna kicin da safe. Yarinya tana cin hatsi da madara a tebur, uban yana ɗaure takalmi. Rediyo a kan firji yana magana tar, ba shaƙewa ko kaɗan: guguwa daga kudu maso yamma, ƙananan jirage su zauna a gaɓa. Mutumin ya tsaya da igiyar takalmi a hannu, ya saurara har ƙarshe. Ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ɗauki rigar ruwansa.

Noelene ta ɗauke ido daga majigin. Ta juya ta dubi Tamsin da ke gefenta. Tamsin ba ta kallon majigin, hannuwanta take kallo.

Kujera ta yi ƙara a baya.

"Ku tsayar da abin nan," in ji Des. Bai ɗaga murya ba, amma har bakin ƙofa an ji. "Na ce ku tsayar."

Mutumin Sydney ya yi wa mai na'ura alama. Hoton ya daskare a kan hannu da ƙofa. Wani ya kunna fitila ɗaya.

"Noelene. Ya ji ko bai ji ba?"

Ta miƙe don ba ta iya amsa masa a zaune, ta dafa kujera. "Ba na gidan, Des. Ka sani ba na gidan."

"Shekara ashirin kina cewa rediyo ya lalace."

"Abin da na sani na faɗa."

Mutumin Sydney ya matso yana murza hannu. "Yallaɓai, wannan fa ƙagaggen labari ne, akwai wuraren da marubuci yakan..."

"Da kai ake magana? Koma ka zauna." Des ya juya ga Tamsin. "Ke. Ƙirƙira kika yi don Sydney su ji daɗi, ko haka aka yi?"

"Kawu Des..."

"Ni ba kawunki ba ne. Amsa min."

Tamsin ta tashi. Ta fi uwarta tsayi, amma a lokacin sai ta koma kamar 'yar firamare a gaban shugaban makaranta. "Haka aka yi. Ina zaune a teburin. Ya ji duka, ya kashe."

Wata mata a baya ta ja numfashi. Wani tsohon masunci ya cire hularsa ya mayar. Des ya tako cikin layin kujeru, mutane suna janye gwiwoyinsu, har ya iso inda bai fi taku biyu tsakaninsa da Tamsin ba. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Noelene ba ta san lokacin da ta shiga tsakaninsu ba. Ta dai ga kanta tana kallon maɓallin rigarsa, tana jin warin sabulun aski.

"Shekararta goma sha ɗaya a lokacin," ta ce. "In akwai wanda za ka yi wa, ga ni."

"Ta girma ai," in ji Des. "Ta san hanyar gidana. Ta wuce ƙofata sau nawa? Sai da aka kawo kyamara sannan bakinta ya buɗe."

Ba wanda ya motsa. Noelene tana ganin hannunsa na dama yana dunƙulewa yana sakewa. Bev ta bar tukunyar shayi ta fara tahowa ta jikin bango.

"Bahago ne."

Merle ce. Tana nan zaune, idonta a kan majigin.

Des ya waiwaya. "Me kika ce?"

"Wade bahago ne. Yaron nan da hannun dama ya jefa igiya." Ta dubi Tamsin a karon farko. "Fiton daidai ne. Hular ma haka yake sa ta. Amma kin manta hannun."

"Na manta, Anti Merle. Ki yi haƙuri."

"Tashi mu tafi," in ji Des.

"Ka tafi. Ni zan gani." Ta juya wajen mai na'ura. "Ɗana, mayar min baya, wurin da yake tsallake igiyoyin. Ba mu da hotonsa mai motsi ko ɗaya."

Mai na'ura ya dubi mutumin Sydney, shi kuma ya dubi ƙasa. Des ya tsaya yana kallon matarsa, yana jira ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Ya juya ya bi tsakiyar zauren ya fita, ƙofar ta bugu, bargon taga ɗaya ya zame, hasken rana ya faɗo a kan kujeru. Maza biyar ko shida suka bi shi. Bev ta hau kujera ta mayar da bargon.

Aka mayar da hoton baya. Saurayin ya sake shigowa yana fito. Merle ta kalla bakinta yana motsi ba sauti. Da aka zo wurin kicin kuma Noelene ta so ta rufe ido, amma ta ƙi. Ta kalli mutumin yana saurare, ta kalli hannun yana kashe rediyo, kuma a wannan karon ta gane yadda ya karkata kai. Haka Athol yake yi idan ya riga ya yanke shawara. Ba ɗan wasan ne ya ƙago wannan ba, koya masa aka yi.

Da kashi na farko ya ƙare ba a yi tafi ba. Mutane suka sha shayi a tsaye, suna maganar sanyi da farashin man jirgi. Merle ta wuce ta gaban Noelene a bakin ƙofa, ta ɗan tsaya.

"Da gaske ba ki sani ba?"

"Ban sani ba, Merle."

Merle ta daɗe tana kallon fuskarta. "To," ta ce, ta gyara ɗankwalinta ta fita. Motar Des ba ta nan, sai Bev ce ta kai ta gida.

Uwa da 'ya suka shiga mota, suka wuce coci. Noelene tana tuƙi a hankali, hannuwanta sun ƙage a sitiyari.

"Duk ƙasar nan za ta sani gobe," ta ce. "Mai kyamara ya sani. Mai ɗinka musu kaya ya sani. Ni ce ta ƙarshe."

"Na yi ta ƙoƙarin in gaya miki, Mama. Tun ina yarinya. Duk sanda na fara sai ki ce rediyon nan dama ya lalace, sai in ga fuskarki in yi shiru."

"Da kin riƙe ni kin faɗa."

"Da na yi. Ban iya ba."

Noelene ta tsayar da motar a ƙofar gida amma ba ta kashe ba. Tana jin haushin yarinyar har cikin haƙoranta, tana kuma tunanin 'yar shekara goma sha ɗaya da ta tsaya a bakin kabari da wannan abu a cikinta, ba wanda ya tambaye ta komai.

"Da ya kashe, me ya ce?"

"Ya ce za su dawo kafin guguwar ta iso. Ya ce in gama in wanke kwanona, kada ki dawo ki tarar."

"Kin wanke?"

"Na wanke."

Noelene ta kashe motar.

Shirin ya fita ranar Lahadi kamar yadda aka tsara, jaridun birni suka yaba. Des bai sake gaishe su ba, kuma idan Noelene ta shiga kanti yana ciki, fita yake yi. Wasu a garin suka ce Tamsin ta tona asirin mamaci don suna, wasu suka ce dama an daɗe da sani. Tamsin ta koma Sydney bayan mako guda. Kafin ta tafi ta sa an aika wa Merle ragowar kashi-kashin don ta gani kafin kowa. Merle ta kira ta a waya sau ɗaya, ta gaya mata cewa Wade ba ya shan shayi da sukari, a gyara in za a yi zango na biyu.